Hannun Fakhri a Jikin Ƙota

Bindigar Dakta Nashat ta sake cijewa a filin harbi ranar Talata da safe, a harsashi na uku, fitila tana kore. Ya taɓa kunama ya ji shiru. Kwanson harsashin da ya riga ya tashi ne ya maƙale a bakinta, ya karkace kamar guntun sigari a leɓen direban tasi. Alluna uku suna can tsaye, ko ƙwarzane babu. Ya ɗaga hannun hagu kamar yadda doka ta ce, ya tsaya yana jira, kunnuwansa suna zafi.

Da a bara ne, kafin hannun nan ya kai sama wata ƙatuwar murya za ta taso daga gurbin dama: "Dakta, yau ba ka ba ta maganinta ba ne?" Shi kuma ya mayar da martani, filin ya ɗauki dariya. Amma gurbin dama tun lokacin zafi ba kowa. Fakhri, tsohon shugaban masu sauke kaya a tashar jiragen ruwa, mutumin da ya yi shekara talatin yana tsayawa a nan yana cin Nashat a gasa yana kuma yi masa tsiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yanzu bindiga ta cije, ba mai dariya. Wallahi shirun ya fi cijewar ciwo.

Wasan namu ba shi da wuyar faɗa. Alluna biyar ne a jere, mita ashirin da biyar daga inda kake. Ka tsaya da hannu ɗaya, bindiga a sunkuye, fitila ta yi kore ka ɗaga ka ba kowane allo harsashi guda. Da farko a ba ka daƙiƙa takwas, sannan shida, sannan huɗu. Harsashin ɗan mitsitsi ne, mai lamba ashirin da biyu, ƙarfinsa kaɗan, shi ya sa bindigoginsa suke da tsirfa, in sun ga dama su ƙi tofar da kwanso. A gasa sau ɗaya ake yafe wa mutum cijewa a kowane rabin wasan. In ta sake, duk harsashin da bai fita ba sifili ne, ko kai ɗan gidan wane ne.

Kyaftin Talat, mai kula da filin, ya zo ya karɓi bindigar, ya zare kwanson da farce, ya juya ta a hannu.

"Dakta, tsohuwar nan taka ta gaji. Ka yi mata ritaya yadda aka yi maka."

"An gyara ta fa."

"An gyara ta, an sake gyara ta. Ni na kai ta da kaina." Ya rage murya. "Ka ji abin da kwamiti ya yanke? Matasa sun yi yawa, gurabe sun yi kaɗan. Gasar ƙarshen sanyi ita ce ma'auni. Duk wanda bai kai makin da aka sa ba, ba shi da gurbi. Ba gurbi, kulob ba zai ba ka takardar sabunta lasisi ba. Kai makin ba zai gagare ka ba, na san hannunka. Amma in wannan ta yi maka haka sau biyu, sai dai mu yi sallama."

Nashat ya ce, "To," ya rufe akwatinsa.

Ya hau taragon cikin gari ya koma unguwarsu ta Ibrahimiyya, a nan Iskandariyya. Gidan nasa ɗaki uku ne, biyu a rufe. Matarsa Nawal ta daɗe da rasuwa. Ɗansu guda yana Kanada, yakan kira ranar Juma'a su yi hirar dusar ƙanƙara da hawan jini su ajiye. Tun da ya sayar da kantin maganinsa, akwai ranakun da in ba filin harbi ya je ba, bakinsa ba ya buɗewa sai wajen mai sayar da wake a ƙasan bene, shi ma "da mai ko ba mai" ne kawai. Talata da Alhamis su ne suke riƙe masa mako. Saboda su yake aske gemu, saboda su yake goge takalmi. In aka cire su, shi kansa bai san abin da zai tashe shi daga gado ba, kuma tsoron wannan ne ya hana shi cin abincin rana.

Washegari ya tafi Manshiyya, shagon Hajj Awad mai sayar da bindigogin wasa da na farauta. Hajj Awad ya sa aka kawo shayi, ya fito da wata sabuwa 'yar Italiya, baƙa siɗik, ya kwantar da ita a kan ƙyalle. Ƙotarta da kusoshi take, a matsa nan a sassauta can. Kafin shayin ya huce ya daidaita ta da ɗan hannun Nashat, ta zauna daram. Ya ɗaga ta ya auna bangon shagon, ya ji zuciyarsa ta yi fari.

"Tana cijewa?"

"Haba Dakta! Kai ka taɓa miƙa wa mutum magani ka ce masa wannan ba ya aiki?"

"Tsakaninka da Allah, Hajj."

Hajj Awad ya shafa tasbaharsa. "Tunda ka haɗa ni da Allah, sabuwa ba a sanin halinta sai ta ci harsashi kwali-kwali. Wata takan fito daga akwati lafiyayya. Wata kuwa sai ka gwada mata harsashi kala-kala kafin ka sami wanda cikinta yake karɓa. 'Yan'uwanta da na sayar, yawanci ba a dawo mini da ƙorafi ba. Yawanci fa na ce."

"Bari in kai ta fili in gwada."

"Ina! Ba ta fita ƙofar nan sai ta hau lasisinka. Lasisinka kuwa na bindiga ɗaya ne. Ka miƙa tsohuwa, ka ɗauki wannan, abin da ka tarar kuma naka ne."

Ya fito ba tare da ya ce e ko a'a ba. Yana tsaye a bakin titi yana jiran tarago wayarsa ta yi ƙara. Mirfat ce, 'yar Fakhri, mai kiransa Ammu, wato baffa.

"Ammu Nashat, Baba ya ce ka zo. Ya ce in gaya maka kada ka kawo masa lemo, ba asibiti ba ne."

Abin da mutane ba su sani ba, duk shekarun nan Nashat bai taɓa shiga gidan Fakhri ba sai da ciwon ya zo. Abotarsu a gurbi take, tsakanin ƙarar harbi da warin albarushi. Da ya je dubiya a farkon ciwon, zama suka yi suna kallon talabijin kamar baƙi a ɗakin jiran likita. Daga nan zuwan ya ja baya.

Gidan yana Anfushi, taga tana kallon jiragen masunta. Fakhri yana kan kujera da bargo a gwiwa. Ƙaton mutum ne har yanzu, sai dai ya zube. Hannun dama yana kwance a cinya, yatsun sun lanƙwashe ciki. Bakin ya karkace, maganar tana fita a hankali, amma tsiyar tana nan ba abin da ya taɓa ta.

"An ce ta sake tofa maka yawu."

"Wa ya gaya maka?"

"Kyaftin. Ya ce ka ɗaga hannu kamar ɗan makaranta mai jin fitsari."

Nashat ya yi dariya, ya ji dariyar ta fito da tsatsa, don ta daɗe ba ta fita ba.

Mirfat ce ta yi bayanin, tana zuba shayi. Lasisin babanta ya ƙare, likita kuma ba zai sa hannu a sabunta ba. Bindigarsa tana ma'ajiyar kulob. Ko dai a mayar da ita sunan wani mai lasisi, ko a miƙa wa 'yan sanda.

"Su jefa ta sito," in ji Fakhri, "cikin bindigogin ɓarayi. Bajamushiyata! Ka taɓa ganin ta cije?"

Bai taɓa gani ba. Ba wanda ya taɓa gani. A kulob ɗinmu in ana so a ce abu ba ya ba da kunya, sai a ce kamar Bajamushiyar Fakhri. Ruwa ko iska, harsashi mai tsada ko na araha, ci take ta tofar.

"Ɗauke ta, Dakta. Da tsohuwar zuma ake magani. Ko ka fi son 'yar kwalliyar Hajj Awad?"

"Har wannan ma an gaya maka?"

"Hannu na rasa, ba kunne ba."

Ranar Alhamis Kyaftin Talat ya buɗe ma'ajiya ya fito masa da ita don gwaji. Ƙarfen ya koɗe a gefe-gefe. Ƙotar kuwa katako ce mai duhu, gumi ya sa ta sheƙi. Wani tsohon masassaƙi Ba'armeniye, Usta Garabed, shi ya sassaƙa ta tun Fakhri yana da baƙin gashi. Sai da ya sa shi ya damƙi curin yumɓu, ya bi sawun da wuƙa. Kowane yatsa da kwarinsa, babban yatsa da shimfiɗarsa, har tudun tsohon karaya da ke tafin Fakhri an yi masa gurbi. Nashat ya zura hannu, sai ya ji kamar gaisawa suke yi. Ya tsaya haka na ɗan lokaci, bai iya ɗagawa ba.

Ya harba kwali biyu. Ko sau ɗaya ba ta yi gardama ba, kwanson yana tsalle gefe ɗaya kamar an auna. Kai, bindiga ke nan! Amma da aka duba alluna, hudar ta watse ko'ina. Hannunsa yawo yake a cikin ƙotar kamar ƙafar yaro a takalmin babansa. Yatsansa da ƙyar yake kai wa kunama. A daƙiƙa takwas yana lallaɓawa, a huɗu kuwa fitila takan yi ja bai kai allo na biyar ba.

"Sai an ci katakon nan," in ji Kyaftin. "Magagari da samfefa. A rage baya, a rage gindin yatsu, a cike inda ya yi rami."

"A sa wata ƙotar mana."

"Daga ina? Kamfanin ya daina yin irinta tun tuni. Usta Garabed yana kabari. Ka kai wa kafintan unguwa ya yi maka ƙafar kujera? Ko ka aika waje, ta iso bayan an gama gasa an share fili?" Ya miƙo masa magagari daga aljihun tebur. "Katako ne, Dakta."

Ba katako ba ne. Nashat ya kwance ƙotar daga jikin bindigar, ya naɗe ta a hankici ya tafi da ita gida. Ya ajiye ta a teburin cin abinci, magagari a gefe. Ya yi kwana biyu yana cin wakensa a gabanta. Hannun Fakhri na gaske ya mutu a cinyarsa, wanda ya rage a duniya mai ƙarfi, mai buɗaɗɗun yatsu, shi ne wannan. Shi kuma a ce ya sa ƙarfe ya goge shi don ya sami wurin tsayawa Talata da Alhamis? Sau biyu yana ɗaukar magagarin yana ajiyewa. Sau ɗaya har ya sa takalmi zai tafi wurin Hajj Awad, sai ya tuna in ya ɗauki sabuwa, Bajamushiya da ƙotarta duka sito za su tafi, kuma ba shi da tabbacin sabuwar ba za ta kunyata shi ba. Ya cire takalmin ya zauna. Ba shi da wanda zai yi shawara da shi. Ɗansa ya kira ranar Juma'a, ya fara ba shi labarin, yaron ya ce, "Baba, ka sayi sabuwa kawai, zan turo," ya koma zancen dusar ƙanƙara.

Ranar Asabar ya sa ƙotar a aljihun kwat ya tafi Anfushi da niyyar mayarwa.

"Ta yi mini yawa," ya ce, ya ajiye ta a kan bargon. "Ba ta cije ba, ko sau ɗaya. Amma hannunka ne, ba nawa ba."

"To ka ci ta mana."

"Ba zan iya ba."

"Ba ka da magagari?"

"Yana aljihuna. Kyaftin zan mayar wa."

Fakhri ya dube shi, ya dubi ƙotar. Sai ya sa hannun hagu ya ɗago na dama, yadda ake ɗaga kifi daga kwando. Ya shiga buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna komawa yana sake buɗewa, gumi ya tsatso masa a goshi. Nashat ya yunƙura zai taimaka, Fakhri ya harare shi. Da ƙyar ya cusa ƙotar a tafin. Sai yatsun suka faɗa kwarinsu, kowanne a nasa, babban yatsa ya kwanta a shimfiɗarsa. Wanda ya shigo a lokacin zai rantse hannun lafiyayye ne, fitila kawai yake jira. Mirfat da ke tsaye a ƙofa ta juya ta shige kicin.

Ana jin masunta a ƙasa suna cinikin kifi.

"To, ya isa," in ji Fakhri. "Mun gaisa. Miƙo magagarin."

"Fakhri..."

"Kai Dakta, kada ka yi mini kukan mata a gida. Ita bindiga ce ko hoton bango? In tana sito, wa zai ji muryarta? In tana hannunka, ko banza duk Talata za a ce ga Bajamushiyar Fakhri can tana wahala da mai ƙirga ƙwayoyi." Ya zare ƙotar daga matattun yatsun, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya karɓi magagarin da hagu. Ya ja sau ɗaya. Jan ya karkace, ya bar farin tabo a kan baƙin katakon, daidai gurbin tsohon karayar. "Ka gani? Na ɓata ta. Yanzu ba ka da abin tausayi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, matso ka riƙe."

Sannan ya ɗaga murya: "Mirfat! Kawo jan-bakinki."

Haka Usta Garabed yake yi, in ji shi. A shafa wa tafin hannu ja, a damƙi ƙota, a saki. Inda jan ya kama sosai, nan katako ya yi tudu, nan za a ci. Dakta Nashat, dattijo mai furfura da taye a wuya, ya zauna yarinya tana shafa masa jan-baki a tafi, Fakhri yana dariya har da tari.

"Kin ga Ammunki? Da haka ya fito tun da, da ya sami mata ta biyu."

"Baba, ka bar Ammu ya yi aikinsa."

"Wannan jan ya fi dacewa da kai," in ji Nashat, "ko bakin ya miƙe."

"A'a! Ashe akwai sauran harshe!"

Suka yi ta yi har la'asar. Damƙa, saki, ci. Garin katako yana zuba a kan bargo, Fakhri yana nuna wuri da yatsan hagu: nan, a'a ba nan ba, makaho, nan. Kwarin yatsu huɗu suka tafi. Shimfiɗar babban yatsa ta koma rabi. Inda ya yi rami suka cike da garin katakon da gam. Duk jan da Nashat ya yi yana jin sa a ƙirji, amma bai tsaya ba, don duk sanda ya sassauta sai Fakhri ya ce, "Ci, ba naman jikinka ba ne." Da Nashat zai tafi, Fakhri ya ce, "Ranar da ka gama gasa ka kawo mini ƙotar in gani."

Aka yi zirga-zirgar takardu, ya miƙa tsohuwarsa, Bajamushiya ta hau lasisinsa. Sauran makonnin ya yi su a gurbi, yana ƙara gyara ƙotar kaɗan-kaɗan da samfefa, har ta daina zama baƙuwa.

Ranar gasa aka tashi da irin ruwan nan na Iskandariyya mai zuwa da iskar teku, sanyi har cikin ƙashi. Irin ranar da bindigogi suke nuna halinsu ke nan, don man da ke jikin harsashi yakan daskare. Tun a rabin farko hannuwa suka fara tashi sama. Wani matashi mai sabuwa fil 'yar Italiya, irin ta shagon Hajj Awad, tasa ta tafi lafiya lau. Wani mai irinta kuma sau biyu tana cije masa, ya fita yana zagin iska. Nashat ya ga duka biyun.

Shi dai ya ɗaga, ya taɓa, ya wuce. Tau, tau, tau, tau, tau. Kwanso yana tsalle gefe ɗaya. Tsufa da sanyi suka sa ya jefa wasu a gefe, amma ko sau ɗaya bai saurari bindigar da fargaba ba, kuma rabon da ya yi harbi ba fargaba har ya manta. A zagayen ƙarshe na daƙiƙa huɗu ya sunkuyar da ita, ya ja numfashi, fitila ta yi kore. Harsashi na biyar ya fita, sannan ta yi ja.

Kyaftin Talat ya zo ta bayansa da sakamako. "Ka haye, Dakta. Ba da yawa ba, amma ka haye. Gurbinka naka ne."

Kafin ya san abin da yake yi ya riga ya juya dama, baki buɗe, da maganar da ya tanada. Wani matashin hafsan soja ne a wurin, yana goge bindigarsa, ko ɗagowa bai yi ba. Nashat ya rufe bakinsa. Ya kwance ƙotar, ya naɗe ta a hankici, ya mayar da Bajamushiya ma'ajiya.

Ya tarar da Fakhri a kujerarsa, ruwa yana dukan taga.

"Ta cije?"

"Ko kusa."

"Ka haye?"

"Da ƙyar."

"Da ƙyar! Da Bajamushiyata a hannunka, da ƙyar! Allah wadaran naka ya lalace." Amma idonsa ya cika da murna, gefen bakin da ke motsi yana rawa. "Kawo ta."

Nashat ya so ya ce ya manta ta a kulob. Bai iya ba. Ya warware hankicin. Ƙotar ta rame, ta yi fari-fari, da tabon gam nan da can, sabon gumi ya fara yi mata duhu a wasu wurare dabam.

Fakhri ya juya ta da hagu, ya gyaɗa kai. Sai ya ɗago hannun dama ya fara buɗe yatsun kamar wancan karon. Mirfat ta ajiye tiren shayi ta ce, "Baba, bari mana." Bai kula ta ba. Ya cusa ƙotar a tafin. Yatsun suka zarce ta, suka rasa inda za su faɗa. Babban yatsa ya zame. Ya gyara ya sake gwadawa, ya sake zamewa. A karo na uku ƙotar ta suɓuce ta faɗa kan bargo.

"Ba ta gane ni ba," ya ce. Ya yi 'yar dariya. "Madalla. Aiki ya yi kyau. Ɗauke ta, Dakta, kada ka sake kawo ta gidan nan."

Hannun da ya saki ya gangaro daga cinyarsa zai faɗa gefen kujera, Nashat ya tare shi. Nauyi gare shi, da sanyi. Shekara talatin, bai taɓa riƙe hannun nan fiye da na gaisuwa ba. Ya zura nasa cikin lanƙwasassun yatsun, suka rufe a kansa.

Fakhri ya kalli hannuwan biyu, ya kau da kai wajen taga.

"Kai ma ka yi mini kaɗan," ya ce.

Shi ba shi da ikon janyewa, Nashat kuwa bai saki ba har shayin ya huce.